Rasuwar Goggo Toka, Kwamfutar Ajin Asabar

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ɗaliban ajin kwamfuta na Islamiyyarmu da ke bayan Kasuwar Ose Okwodu, Onitsha, suna sanar da iyaye da malamai da 'yan uwa rasuwar Goggo Toka, laftof ɗin Malama Sa'adiyya, wadda ta cika ranar Asabar bayan sallar La'asar. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, ko fiye, domin ko lokacin da Malama ta saye ta ba yarinya ba ce.

Marigayiya mai haƙuri ce. Mu ashirin da uku ne, 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, ita kuwa ita kaɗai, amma ba ta taɓa cewa ta gaji da mu ba. A jikinta muka koyi jera tubala masu launi, shuɗi na tafiya, ruwan ɗorawa na maimaitawa, har zane ya tashi ya yi motsi. Kowa minti goma yake samu, sunansa a rubuce a takardar layi. Sauran lokacin muna kan tabarma muna jera tubalan kwali da Malama ta yanka mana, don kada mu je gabanta muna in-ina. Idan aka kunna ta sai ta yi "fuuuu" kamar tsohuwar da ta hau bene, sannan ta ce "tirin", mu kuma mu gyara zama.

Ta daɗe tana fama da jiki. Batirinta ya riga ta gidan gaskiya, don haka ba ta rabuwa da caja. Ƙugunta ya karye, da littafi ake tokare mata baya. Kowa ya san dokar: ba a rufe ta, ba a ɗaga ta. In aka yi, sai ta suma ta manta duk abin da ba a adana ba.

Game da ciwon ajalinta, abin da aka sani a unguwa ba shi ne duka ba.

Sunan ƙarshe a takardar layin ranar shi ne Ramlatu Jumare. Amma Ramlatu ta gama da wuri, ta kuma raɗa wa ƙawarta Khairiyya cewa ta zo ta yi amfani da ragowar mintinta. Mako uku Khairiyya tana fama da wani ɗan okada, mai babur ɗin haya, da ta zana, ɗauke da buhun albasa, wanda ya ƙi tsallaka gada. Kullum sai ya tsaya a tsakiya, ko ya koma da baya. Ran nan ta matsar da tubali ɗaya zuwa cikin na maimaitawa, sai ga shi ya tsallaka, ya dawo, ya sake tsallakawa, albasa na zubowa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin ajinmu shi ne masallacin makaranta, teburin marigayiya kuma yana gabas, wajen soket. An kira salla, Malama ta kora yara wajen alwala, Khairiyya ta rage ita kaɗai tana kallo, ba ta ko adana ba. Liman, Malam Gimba, ya leƙo yana warware hannun riga. Bai dubi fuskar kowa ba, ya ce a kawar da wannan hoton mai gudu daga gaban masallata, yanzu-yanzu.

Adanawa a wurin Goggo ba abin gaggawa ba ne, sai ta yi tunani. Rufewa kuma asara ce. Khairiyya ta ɗauko darduma biyu masu kauri ta lulluɓe ta, ta cusa gefunan a ƙarƙashinta don kada haske ya fito, ta ruga bayan labule, sahun mata.

Aka yi salla. Malam Gimba ya ɗora da nasiha, kuma ranar bakinsa ya buɗe. Daga bayan labule Khairiyya tana jin "fuuuu", tana jin ya zama "hiiii", daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Da aka watse ita ta fara isa. Ta yaye dardumomin, ta tarar da Goggo da zafi kamar kaskon masa, fuskarta baƙi ƙirin. Ta ninke dardumomin ta mayar inda suke. Da Malama ta shigo ta tambaya, Khairiyya tana gyara igiyar takalminta.

Mai gyara ya buɗe ta ranar Litinin, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce, "Na heat kill am. Person block her nose," wato zafi ne ya kashe ta, wani ya toshe mata hanci. Aka duba takardar layi. Ramlatu ta ce ita lafiya ta bar ta, ba ta ƙara ko kalma ba. Mahaifinta ya zo har makaranta ya ba Malama haƙuri a gaban kowa, ya ce daga yau 'yarsa ta bar taɓa kayan mutane, rumfarsa ta tattasai ta ishe ta. Kwana uku Khairiyya tana zagayawa ta bayan layin 'yan doya don kada ta bi ta gaban rumfar nan. Jiya ba ta zagaya ba. Ramlatu ta ɗago daga kan tire ta dube ta, ta ce, "Ya tsallaka kuwa?"

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzami da aka ara, da littafin da ke tokare ta. Ta bar zane ashirin da biyu a cikinta, waɗanda mai gyara ya ce mai yiwuwa a ciro. Ta bar Malama Sa'adiyya, wadda har yanzu take zuwa da jakarta ba komai a ciki. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe biyu a ɗakin aji, daga nan a kai ta shagon mai gyara a cire abin da zai ciru. Malama za ta karɓi gaisuwa a wurin. Ana roƙon Malam Gimba ya halarta. Ana roƙon Alhaji Jumare, don girman Allah, ya bar rumfa na rabin awa, ya zo da Ramlatu.

Khairiyya Hashim ce za ta fara magana. Muryarta ba ta fita sosai, don haka ana roƙon jama'a su zauna kusa.