Gudun Duniya a Kasuwar Hatsi

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na ce zan guje wa duniya da ƙafafuna, ga tumbi kamar buhun dawa. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ba, kowa na gyara zama, ana kuma ta raɗe-raɗin 'yan hisba za su shigo kasuwa duba ma'auni. Ni wannan bai dame ni ba. Dillalin hatsi ne ni a Ƙaura, da dako na fara, kuma jarina na gaske shi ne tiyata, kwanon awon da kowa ya shaida ba a taɓa bubbuga gindinsa don rage wa mutane ba.

Abu biyu suka haɗu mini. Likita ya ce jinina ya hau, in rage man shanu, in riƙa motsa jiki. A satin kuma na sayi wani ɗan littafi a ƙofar masallaci a Shinkafi, kan gudun duniya da tsoron ranar hisabi. Marubucin yana nufin mutum ya cire kwaɗayi daga zuciyarsa. Ni kuwa da kan ɗan kasuwa, sai na ga kaya biyu da za su shiga mota ɗaya: in yi gudun likita, in haɗa da na malam.

Bayan asuba sai in karanta shafi guda, in sa kambas da wandon ƙanena (a ƙwauri yake tsaya mini), in bi gefen layin dogo inda ba mai ganina sai awaki. Kuma wallahi na ji daɗinsa. Tunda na shiga kasuwa ban taɓa samun wurin da farashin gero ke fita daga kaina ba sai wannan hanya. Daga ni sai numfashina, sai abin da na karanta.

Ranar da abin ya faru an sha ruwa, hanyata ta zama taɓo, na kuma makara. Sai na yanke ta gefen kasuwa, ana cikin sauke buhuna. Na manta cewa a garinmu babba ba ya gudu sai da dalili, balle ni da aka sani ko mota za ta tashi ba na ɗaga ƙafa.

Ɗan'ige mai awo, maƙwabcin rumfata, ya miƙe tsaye. "Alhaji! Lahiya? Mi yak koro ka?"

Da na ce masa motsa jiki ne, da an yi dariya an wuce. Amma shafin safiyar nan na kaina, na so in jefa masa magana mai nauyi, ya san na yi nisa. Na ɗaga yatsa sama, na buɗe baki zan ce hisabi nake gudu. Numfashi ya ci amanata. Abin da ya fito shi ne "His..." sai tari, sai wani guntun sauti a ƙarshe.

"Hisba!" in ji Ɗan'ige. "Jama'a, hisba sun taho duba tiya!"

Kafin in haɗiye yawu kasuwa ta hargitse. Wani ya cusa tiyarsa cikin buhu, wani ya zauna a kan tasa yana jan carbi, sauran suka rufa mini baya a guje. Na waiga na ga rabin kasuwa na bina, sai ni ma na tsorata na ƙara wuta (har yau ban san me na ɗauka ya koro mu ba). Sai a tasha na tsaya, dafe da gwiwa.

Da numfashi ya dawo na yi bayani, aka yi ta dariya har da masu faɗuwa. Mutum ɗaya ne bai yi ba: Baba Jaɓɓi, wani dattijon manomi daga Zurmi, saukarsa daga mota ke nan. Shekara da shekaru yana kawo mini gero, ya ajiye ya tafi shan furarsa, duk abin da na ce ya aunu shi ke nan.

Ya dube ni daga kambas har hula. "Ɗana, na ji bayaninka. Amma ni abin da nig gani, an ce hisba, kai ag gaba."

"Baba, ai ni na ce... wato ban ce ba..."

"To, Allah shi kyauta."

Bai daina kawo mini gero ba, da ma ya daina da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar sai ya nemi buhu ya zauna gabana, idonsa na kan hannuna har a gama awo. Wata rana ya ɗauki tiyar, ya kifa ta, ya shafa gindinta da babban yatsa, ya mayar. Haka muka yi har Allah Ya karɓi ransa.

Gudun kuwa ban sake ba, kunya ta hana. Littafin yana nan cikin durowa, ban kai ƙarshensa ba, natsuwar gefen layin dogon ma ban sake samun irinta ba. Hisabin da na ce ina gudu, Baba Jaɓɓi ya fara yi mini shi tun a nan, tiya bayan tiya. Yanzu ko a zaune nake, in aka ce "Alhaji, lahiya?" sai in ce lahiya lau, in ja bakina in rufe.