Tozon Ardo da Zariyar Wandona

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Naraguta, kuma ko na so in manta, mutanen kara, kasuwarmu ta shanu, ba za su bar ni ba. Har yau in na zauna cin abinci sai wani shaƙiyyi ya leƙo ya ce, "Alhaji, a duba zariya." Na gaji da jin haushi. Gara in ba da labarin da bakina, tunda masu ba da shi sun fara ƙara masa gishiri.

Ni dillalin shanu ne. Boko ban wuce aji uku ba. Abin da na iya shi ne in dubi sa in gaya maka naman da zai yi a mahauta. Abu na biyu da na iya shi ne ci. A shekarun da wayar salula ta fara cika garin Jos, jikina ya kai inda sikelin asibiti ya ƙi ni, sai da aka kai ni na masu auna buhunan dankali. Sallah a kan kujera nake yi. Ana tsakiyar ciniki barci zai kwashe ni, in farka in tarar an sayar da san. Likitan da ke duba ni bai ɓoye min ba. Ya ce, "Alhaji, ga suga, ga hawan jini, ga gwiwa. Ko ka rage jikin nan, ko shi ya rage maka kwana."

Na sha shayin 'yan talla, na sha saiwoyi, na yi tafiyar ƙafa ta kwana huɗu (a rana ta biyar na tsaya wurin mai tsire, a nan tafiyar ta ƙare). Daga baya likitan ya ce akwai aikin da ake yi a Indiya, a ɗinke tumbin mutum ya koma kamar kofin shayi.

Takarda biyu suka zo hannuna. Ta farko wani ɗan kamasho ya kawo, mai sheƙi, ga hoton likita da laktaye yana murmushi. Ya ce, "Oga, sati biyu ka dawo kamar saurayi. Da an sallame ka shi ke nan, ba ruwanka da kowa." Ta biyu ta hannun likitana ta zo, ba hoto ba ado, sai sharuɗɗa shafi uku. Wai likitan Indiyan da ya aiko da ita ba zai taɓa ni da wuƙa ba sai na yarda in na dawo zan yi shekara biyu a hannun likitana da wata nas da ya horar a nan Jos, ana gwada jinina, ana duba abin da nake ci, shi kuma ana aika masa da bayani.

Ni ta farko na zaɓa. Wa ke son a sa masa makiyayi da girmansa?

Matata Hajiya Binta ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "Alhaji, ba kai kake cewa dillalin da ba shi da rumfa a kara ko akuya ba ka saye a hannunsa ba? Ka ce in dabba ta kwana da ciwo ba ka san inda za ka gan shi ba."

Na ce, "Wannan daban."

Ta ce, "Gaskiya daban ne. Wancan akuya ce, wannan cikinka ne."

(Shekara ashirin da aure ban taɓa cin ta a gardama ba, ban san me ya sa nake gwadawa ba.)

Haka na tafi wurin mai sharuɗɗa. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a, ba a ma tsaga ni ba, 'yan huji biyar aka yi min a ciki. Na dawo gidana a Kongo-Rasha, washegari sai ga nas ɗin ta yi sallama. Sunanta Sista Rifkatu, 'yar Jos Jarawa, gajeruwa, ta kusa ritaya, da tabarau a kan hanci da wata tsohuwar jaka. Ban taɓa ganin mutum ƙarami mai ban tsoro irinta ba. Ta zauna ta zaro cokalin shayi daga jakar ta ɗaga shi sama.

"Alhaji, ka ga wannan? Shi ne abokinka yanzu. Ciki naka ya zama na jariri. Ba suga, ba kitse, ba shan ruwa a kan abinci. Ka tauna har ka gaji."

Duk Talata sai ta kira ni a waya, duk wata in je ta auna ni, ta ƙirga ƙwayoyin ƙarin jini ta ga ko ina sha. Tun zuwan farko kuma ta ce min wata magana da na ƙi ji. Ta ce, "Ka gaya wa mutane aiki aka yi maka. Garin nan in mutum ya rame da sauri, ka san abin da za su ce."

Na ce Allah ya kiyaye. Ni, dattijo, in tsaya a kara in ce an ɗinke min tumbi saboda na kasa kame bakina? Na gaya wa kowa hawan jini na je dubawa.

To, jiki ya fara zubewa. Wata uku, rigunana suka zama kamar na aro. Ni ina jin daɗi, don na fara yin sujada goshina a ƙasa, rabon da in yi haka har na manta. Amma a kara sai na ga abu ya canza. Mai shayi ya ware min kofi. Mutum zai ba ni hannu ya yi ƙasa da murya ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji." Ba sai an gaya min ba, ciwon zamani suke nufi, ƙanjamau. A lokacin kuwa wanda aka laƙa wa wannan suna ya ga ta kansa, mutane ba su da tausayi. Maimakon in buɗe baki in yi bayani, sai na huce a kan Sista. Na ce ita da cokalinta suka jawo min. Na daina zuwa awo. In na ga lambarta ranar Talata sai in tura wayar ƙarƙashin matashi.

Ana haka bikin Sani ya matso. Sani ɗan yayana ne marigayi, ni na rene shi, ni ne kuma zan karɓa masa aure. Yarinyar 'yar Ardo Buba ce, abokina na shekara talatin, Bafulatanin da ke zaune da shanunsa a bayan Naraguta. Saura sati ɗaya Sani ya same ni, ya durƙusa, ya kasa kallona.

"Baba, wai ƙanin Ardo ya ce a ɗaga auren. Wai a bincika tukuna, kada a kai yarinya gidan da ciwo ya shiga."

Ardo dai ya ƙi ɗagawa, amma maganar ta tsaya min a rai. Na ce wa kaina, ranar nan zan nuna musu ina nan da ƙarfina. Mai ciwo ai ba ya cin abinci. Zan ci su gani.

Ranar Asabar da hantsi muka isa. Kafin a ɗaura, Ardo ya ja manya zuwa rumfar da aka kafa, don ya riga ya yanka sa. Wanda ya san Fulani ya san tozo na babban baƙo ne, kuma mai gida da hannunsa yake ajiye maka. Ardo ya dire shi gabana, gasasshe, mai na tsiyaya, ga ƙwaryar fura da nono an zuba mata suga ba tausayi. Ya ce, "Kaɗo, ga naka. Mu ga ko har yanzu kai ne." Ƙaninsa kuwa, Jauro, yana gefe ya zuba min ido kamar mai duba saniyar da ake zargi.

Sai na yi abin da na saba yi shekara da shekaru kafin in ci abinci, ban ma san na yi ba. Na zura hannu ƙarƙashin riga na kwance zariyar wandona. (Da can ba komai, tumbi ne ke riƙe wandon, zariya ado ce. Kuma wandon na da ne, don na ƙi kai wa tela, wai kada ya yaɗa ni.)

Na ci tozo yanka huɗu, ban tauna ba. Na ɗaga ƙwarya na kwankwaɗi fura. Na ajiye, na share gemu, na kalli Jauro. Ardo ya ce, "Yauwa, ashe kana nan."

Aka matso da tabarmi, liman ya gyara zama, aka fito da goro. Liman ya ce, "Ina wakilin ango?" Daidai nan na ji zuciyata na buga kamar ana dakan fura a ƙirjina. Gumi ya keto min, sanyin Naraguta da komai. Rumfar ta fara juyawa. Tozon nan ya tsaya min a maƙoshi, bai shiga ba, kuma ya ƙi zama.

Liman ya sake cewa, "Alhaji, kai muke jira."

Na ce bari in fita bayan rumfa kafin a ji kunya. Na miƙe da sauri. Wando ya ce shi ba da shi ba, ya sulale har idon sawu. Na ɗaga ƙafa, ya harɗe ni, na tafi gaba ɗaya na faɗa kan tiren goro. Ina kwance, babbar riga ta naɗe a wuya, ƙwaurina a waje kamar na zalɓe, abin da ke cikina ya taso. Ban ga inda zan sa shi ba, na cire hulata sabuwa na juye a ciki. Gaban liman, gaban surukai, gaban 'yan kara sun fi ashirin.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi min ciwo. Sai na ji mutane suna ja da baya. Na ji muryar Jauro yana cewa, "Ai na faɗa."

Hajiya ce ta ji labari daga wajen mata ta kira Sista, ashe lambarta na wayarta, ashe duk Talatar da na ƙi ɗauka su biyun suna magana. A shekarun nan na rikicin Jos gari ba daɗi, kowa na duba unguwar da zai shiga da wadda ba zai shiga ba. Amma kafin in gama dawowa hayyacina sai ga acaɓa ya tsaya, Sista Rifkatu ta sauko da zanin zumuntar mata, daga coci aka taso ta, jaka a hammata. Ta ratsa maza kamar ba ta gan su ba.

"Ku matsa, ku ba shi iska. Kai, ɗaga ƙafansa. Kai, kawo ruwa, ba na sha ba, na goge fuska."

Wanda ta sa ya ɗaga min ƙafa Jauro ne. Ta auna jinina, ta gwada suga, ta danna cikina nan da can tana tambaya ko da zafi. Sannan ta kalli tiren, ta kalli ƙwaryar, ta kalle ni ta saman tabarau.

"Alhaji, tozo? Da fura mai suga? Ka na so ka ɓalle ɗinki ka mutu a gidan biki?"

Ardo ya ce, "Ɗinkin me?"

Ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya. "Ni ba zan faɗa ba, magana naka ne. Amma in ka yi shiru yau, yaron nan ne zai biya."

Na waiwaya na ga Sani a bakin rumfa, cikin farar shaddarsa, ya riƙe kai. To, me ya rage min na ɓoyewa, mutumin da wandonsa ke idon sawu? Na ɗaga 'yar ciki na nuna musu tabon hujin nan biyar. Na ce, "Jama'a, ba hawan jini na je dubawa ba. Tumbina aka ɗinke, don ƙiba ta kusa kashe ni. Kunya ta hana ni faɗa. Wannan baiwar Allah ita ke kula da ni, ni kuma nake gudunta."

Sai Ardo ya matso ya leƙa cikin nawa kamar zai saya, ya girgiza kai.

"Kaɗo, amma kai mugu ne. Da ka faɗa min ai da ban yi asarar tozo ba."

A nan ne dariya ta ɓarke, har liman sai da ya sa hannun riga ya rufe baki. Jauro ya sauke min ƙafa a hankali, ya ce, "Alhaji, a yafe ni." Ardo ya cire hularsa ya sa min. Ina jingine da turken rumfa, hannu ɗaya riƙe da wando, na karɓa wa Sani aure. Ana shafa fatiha Sista ta sa aka ɗora ni a mota zuwa asibiti, aka duba, ɗinki bai taɓu ba. Ba ta tafi gida ba sai da ta ga sakamakon da idonta, ta kuma aika wa likitan Indiya. Shi ma ya kira ya yi min nasa faɗan da Turanci, tana fassarawa (ina zargin ta ƙara nata a ciki).

Daga ranar ban sake ƙin ɗaukar wayar Talata ba. Na cika shekara biyun nan cif, har da ƙari. Suga ya sauka, gwiwa ta saki, ina sallah a sahu kamar kowa. Duk babbar sallah cinyar ragona ta gidan Sista ce, ita kuma duk Kirsimeti sai ta aiko min da shinkafa a wani ɗan kwano da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da shi ba.

Wani lokaci nakan tuna likitan nan mai laktaye. Ban ce bai iya aiki ba, ban san shi ba. Amma da shi na bi, ranar nan a Naraguta wa Hajiya za ta kira? Shi ya sa in wani mai irin jikina na da ya zo neman shawara, abu biyu nake gaya masa. Kada ka tsaya kan wanda zai yanka ka kawai, ka tambayi wanda zai hau acaɓa ya zo ranar da ka yi wauta, don za ka yi. Na biyu kuma, ka kai wandonka wurin tela.