Sittin da Huɗu, Ni Na Ce Talatin da Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙaryata na'ura a gaban mutane ba, kuma na so in manta.

Wata 'yar na'ura aka kawo ƙaramin asibitinmu na gefen Jahun, a ɗaura wa jariri a ciki, ta ƙirga numfashinsa. Kafin a yarda da ita sai an gwada ƙirgarta da ta mutum, mutumin kuwa ni ne, mai shekara ashirin a bakin aiki (ni na tuna wa masu gwajin, har sau biyu). Da gajeren carbina nake ƙirgawa, ƙirji ya ɗaga in ja ƙwaya ɗaya.

Aka kawo Nana, 'yar wata biyar, tana tari. Na'ura ta ce sittin da huɗu a minti, wato akwai haɗari. Ni na samu talatin da ɗaya. Na yi tsaki na ce wa uwarta, "Mura ce kawai, koma da ita gida."

Washegari a taronmu na Dutse na miƙe, na gyara hula, na wanke na'urar tas da suka. Likitar da ke kula da gwajin, wadda na isa in haifa, ta dubi takardata.

"Baba, carbin naka ƙwaya nawa ne?"

"Talatin da uku," na faɗa da ƙarfina.

Ban rufe baki ba na gano kuskurena. Ashe na zagaye carbin sau ɗaya na manta, ragowar kawai na rubuta. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Na fita ko sallama babu, na hau motar Jahun, na ɗauki babur har ƙauyen su Nana. Na tarar Nana ta ƙi nono, haƙarƙarinta na lotsawa. Kwana shida ta yi a gadon asibiti, kullum ina leƙe kamar ɓarawo.

Ranar sallama uwar ta durƙusa ta ce, "Allah ya saka, Malam, ba kowa ke biyo talaka har gida ba."

Na ce amin, kaina a ƙasa, ban iya faɗa mata kuskurena ne ba. Har yau abin na cina. Yanzu in muka saɓa da na'ura, kaina nake fara tuhuma, don ita ba ta da girman da take karewa.