Jijiya Ɗaya, Gida Biyu

Wani ɗan haya ne a Gangaren Tudu, shaƙuwa ta sa shi gaba har ya tafi asibiti. Likita ya nuna masa hoton ƙirji a bango, ya ce, "Ka ga naman nan da ya raba ƙirji da ciki? Shi ke ja maka numfashi, shi ne kuma ke zabura kana shaƙuwa. Ga 'yar jijiyar da ke kai masa jini, siririya kamar zare. Ita ce kuma ke shayar da jakar da zuciya take ciki."

Gogan naka ya zaro ido. "Ita ɗaya? Su biyu?"

Ai shi ya san wannan masifar. A gidansu bututu ɗaya suke sha da maƙwabta, in na ƙasa suka buɗe famfo, nasa sai iska. Wato duk numfashin da ya ja, zuciya ake bari da ƙishi! Tsoro ya kama shi. Nan take ya yanke hukunci, layi za a riƙa bi.

Ana cikin cin tuwo sai matarsa Huraira ta ga ya toshe hanci, kumatu sun kumbura, ido ya yi jawur.

"Malam, ƙashi ne ya maƙale?"

Ya ɗaga mata hannu. Can ya saki numfashi, fuuu! "Ke, kar ki ƙara yi min magana in zuciya na ɗiba."

Washegari a kasuwa ya ga ai jiya numfashi ya kwana yana sha shi kaɗai, dole a rama wa zuciya. Ya toshe hanci, ya dage, ya dage, sai ji kake rim! a cikin tiren mai tumatir.

Ya farfaɗo a gaban likitan nan, Huraira na kuka tana ba da labari. Likita ya dafe kai. "Bawan Allah! Jijiyar nan akwai ta dama, akwai ta hagu, ga wasu ma na taimakawa. Tun da aka haife ka suke sha tare, ba wanda ya taɓa kawo ƙarar wani."

Mutumin ya dube shi da tausayi, ya girgiza kai.

"Likita, da ganinka ba ka taɓa zaman haya ba."