Ruwan da Sarkin Almakashi Ya Sha

Jiya da safe na kai buta famfon unguwarmu. Na murɗa, ya yi mini tsaki, ya hura mini iska a hannu. Na gode masa, na wuce. Haka muke gaisawa da shi tun da aka kafa shi.

Mu Hausawan Anacha na wannan unguwa rijiya ɗaya gare mu, ta kuma girmi yawancinmu. Bara duba-gari ya leƙa ta, ya toshe hanci, ya ce ƙasar da ta sami 'yancin kai ba ta shan ruwan guga. Aka liƙe bakinta da siminti. A madadinta aka yi mana alkawarin inji daga Ingila, mai watsa ruwa sama iska ta ratsa shi wari ya fita, sannan ya bi ta cikin yashi ya fito garau.

Mu maza mun lallaɓa, Kogin Kwara na kusa. Sai matar maƙwabcina Gwadabe, mai albasa a kasuwar Ose, ta haihu. Wankan jego kuwa ba ya jiran gwamnati: tukunya cike, tafasasshiya, safe da yamma. Inna Fatsuma ungozoma ta dubi jan ruwan kogin da ya ɗauko, ta ce, "Gwadabe, wanka zan yi mata ko yaɓe? In sanyi ya kama yarinyar nan, kai za ka yi wa iyayenta bayani."

Muka hau tudu ni da shi mu gaida injin. Gaskiya abin kallo ne. Ruwa na tashi fari fat, yana faɗowa cikin tanki. Maigadin wurin, Kure, mutumin kudancin Zariya, ya tare mu a ƙofa.

"Ina ruwan yake zuwa?" in ji Gwadabe.

"Inda ya fito, Malam. Ya hau, ya sauko, ya sake hawa."

"To mu fa?"

"Sai Oga ya zo ya yanka ƙyalle. Yana rangadi."

"To me ya sa kuke ta kunna shi?"

"Kada ya yi tsatsa kafin Oga ya iso."

Allah ya ja zamanin Sarkin Almakashi, wanda ruwa ma ke tsayawa jiransa.

Gwadabe ya aro guduma, da rana tsaka ya fasa simintin rijiyar. Aka yi wa mai jego wanka. Washegari duba-gari ya zo ya ce ranar Litinin zai dawo da sammaci da birkila.

Litinin ɗin ita ce ranar da Oga ya tuna da mu. Da sassafe sai ga Kure bakin rijiya, ya rufe bokiti da farin ƙyalle.

"Ku taimaka. Ruwan tankin ya yi kore. Yashin tacewa bai iso daga Ingila ba."

A lura, a bakin Kwara muke, inda yashi ke shiga mana takalmi.

"Injiniya ya ce a samo mai kyau, cikin tambulan ɗaya," in ji Kure.

Gwadabe da kansa ya jefa guga.

Na je bikin. An buga badujala, an yanka ƙyalle. Sarkin Almakashi ya ɗaga tambulan kowa ya gani, ya shanye, ya ce ko a Landan bai sha kamarsa ba. Aka yi tafi, duba-gari ya fi kowa. Gwadabe ya matsa kusa da duba-garin.

"Ranka ya daɗe, ina jiran sammacin. Zan so in gaya wa alƙali wa da wa suka sha."

Har yau ba mu ga sammaci ba, ba mu ga birkila ba. Mai jego ta yi arba'in lafiya. Injin kuma an rufe shi sai yashi ya sauka daga jirgi.

Butata kuwa a rijiyar na cika ta. Ban cika son alfahari ba, amma ruwan manya nake alwala da shi.