Katin da ya kai Kawu cikin birni

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura min aure ba, don saura ƙiris a watse ba a ɗaura ba.

Ina da wata jaraba, ta tara tsofaffin katunan gidan waya, irin waɗanda Turawa ke aika wa gida a da: hoton gini a gaba, wurin rubutu a baya. (Mahaifiyata na kiransu takardun ƙunsa ƙosai.) Wanda na fi ji da shi hoton babban masallacin Juma'a ne na cikin birni, tun yana ginin ƙasa. Na daɗe ina lallaɓa wani mai tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari kafin ya sakar min shi. Don kada ya yi datti na adana shi a farar ambulan, irin ta katin bikina sak.

Kawu Sale na Muchiya shi ne waliyyin amaryata Hadiza, yayan mahaifinta ne, in ba shi babu aure. Da kaina na kai masa kati. Na durƙusa, na miƙa da hannu biyu, ya yi ta sa min albarka.

Ranar Asabar masallacin unguwarmu a Samaru ya cika. Ga goro, ga alawa, ga ni cikin babbar riga ina ta murmushin angwaye. Babu waliyyi. Liman ya fara duba agogo. Wayar Kawu a kashe, sai ta direbansa mahaifin Hadiza ya samu, direban ya miƙa wa Kawu, mahaifin Hadiza kuma ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Yaya, kuna ina?"

"Muna masallacin birni mana, mota biyu. Ku ne ba mu gani ba."

"Ai Samaru aka ce!"

"Da baki aka ce Samaru. Amma yaron ya kawo kati, ga hoton masallaci ɓaro-ɓaro, a nan muka yi salla muna yara. Sai na ce an canja wuri. Har na yaba masa, ko sunansa bai buga ba, yaro ba fariya."

Duk masallacin ya juyo yana kallon yaro ba fariya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ni da babbar rigar.

An dai ɗaura bayan azahar, rabin jama'a sun tafi, goro ya ƙare.

Katin kuwa yana bangon falon Kawu har yau. Da ƙusa ya kafe shi, ta tsakiyar masallacin. Suruki ne, ba ni da bakin cewa a ba ni. Duk sanda na je gaisuwa sai ya nuna shi ya ce, "Katinka ya fi na kowa kyau, sai dai ba ya kai mutum wurin biki."

Nakan ce, "Haka ne, Kawu," ina kallon ƙusar.

Na samu mata, na rasa masallaci. Yanzu duk ambulan da za ta fita daga hannuna sai na leƙa cikinta, ko da ni na liƙe ta.