Ranar da Na Tausaya wa Farantin Sola

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Baffa Isa, maƙwabcina a unguwar Tandabawi da ke Makka, ya gayyace ni teku. Yana kula wa wani Balarabe da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a gaɓar Shu'aiba, ya kuma roƙi aronsa na wuni ɗaya saboda matarsa, Inna Rabi. Shekara talatin tana Makka, ba ta taɓa hawa ruwa ba. Ni kuwa an ɗauke ni ne a matsayin mai ilimi (shekara shida ina karatun Fiƙihu, ka ga ai dole in san komai).

Inna tana da ciwon suga, allurarta kuma ba ta son zafi. Baffa ya sa ta a ɗan firji, ya yi mini bayani: "Ya Ustaz, in inji yana aiki, shi ke cika batir. In mun kashe shi mun ɗaga ƙyallen da iska ke turawa, farantin solar nan ya karɓa. Ka kula mini da shi."

Na ce, "Baffa, ka bar komai a hannuna."

Aka kashe inji, iska ta ja mu. Da hantsi ya ɗaga na taɓa farantin, na ji kamar tanda. A gidanmu a Kano, duk abu mai tsada rufe shi ake yi. Ko rediyon babanmu yana da mayafinsa. Sai na ɗauko dardumata na lulluɓe shi tsaf, har da danne gefe da takalmi kada iska ta yaye.

Bayan azahar Inna ta buɗe firji. Shiru, ruwan ciki ya fara ɗumi. Baffa ya duba batir, ya ga ba caji, ya bi waya da hannu, ya bi, ya bi, har ya iso kan darduma.

"Ustaz, sola ce za ta yi salla?"

"Rana ce ta yi mata yawa," na ce, da muryar da ni ma ban gane ta ba.

Tsoho ya durƙusa yana fizgar igiyar inji, gumi na zuba, sai a ja na bakwai injin ya tashi. Firji ya yi gurnani. Inna ta ɗora allurar a kumatunta, ta ce, "Da sauran sanyinta, Alhaji. Halas, shi ke nan, kada ka juya da mu, ban gama kallo ba."

Sannan ta ninke dardumar ta ɗora mini a ka. "Ungo, ɗana. Kai ne rana ta taɓa."

A haka na zauna har muka dawo gaɓa. Tun ranar, in tausayin wani abu ya kama ni, nakan fara tambayar mai shi me abin yake ci.